Wanda Ya Toshe Usuman Mai Tirela

Ramatu tana tsakar gidanta a unguwar Ganou ta Parakou tana liƙa takardar suna a jikin robobin man kaɗe, sai wata mata ta faɗo ba sallama, waya a hannu, ɗan zem, mai babur ɗin hayar da ya kawo ta, yana biye don kada kallo ya wuce shi. Sunanta Zali, daga Tourou take. Ta ce ta tura kuɗin mai tun kafin azumi, an yi mata godiya har da hoton furanni, daga nan shiru.

Ramatu ta ce ba ta san zancen ba. Zali ta juya mata wayar.

Fuskar Ramatu ce, da murmushin nan da take ajiyewa don hoto. Ga sunan shagonta na Facebook, Kaɗen Ramatu, ga bidiyon hannaye biyu suna murza mai a ƙwarya. Lambar tura kuɗi ce kawai ba tata ba. Zali ta ƙara da cewa kada ta wahalar da kanta da rantsuwa, don tuni ta sa hoton a zauren matan Parakou na intanet, ta rubuta ɓarauniya a ƙasa, kuma waɗanda suka amsa da “ni ma” sun isa cika mota.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, an miƙa maganar ga Birgadiye Mairamu, wadda ta daɗe da yanke cewa intanet bai haifi sabon ɓarawo ba, tafiya kawai ya rage wa tsofaffin. Komishe, shugaban ofishin, ya faɗa mata a taƙaice: masu ƙara sun yi yawa, in ba a samo wani hannu ba, mai fuskar ce za ta amsa. Kantunan Cotonou da ke saro man Ramatu kuwa ba su jira komishe ba, sun riga sun ce a dakata da aiko musu kaya.

Mairamu ta ce wa Ramatu ta buɗe shafin jabun a wayarta. Ramatu ta nema, babu. Mijinta Muntari, mahauci ne, ya goge hannu a riga ya nema a tasa, babu. Aka kira ƙannenta, aka kira maƙwabciya, duk babu. Mairamu ta nema a tata, shafin ya fito yana murmushi.

Abu ya fito fili. Wanda ya buɗe shafin ya bi makusantan Ramatu ɗaya bayan ɗaya ya toshe su, don kada wani ya gani ya kai mata labari. Shi ya sa aka shafe watanni ana cin kasuwa da fuskarta, ita kuma tana ta mamakin yadda ciniki ya ja baya.

“Madam, wannan ɓarawon ya fi ni sanin danginki,” in ji Mairamu. “Wa ke yi miki hotuna?”

Ashafa ne, mai shagon buga takardu kusa da tasha, wanda a katinsa ya rubuta wa kansa muƙamin masanin talla. Hotunan Ramatu duk suna cikin na'urarsa, kuma kwanan baya sun yi cacar baki kan ladan aiki. Ya karɓi birgadiye da Faransanci mai tsawo. Ta bar shi ya gama, sannan ta nuna masa shafin.

Ya duba, ya ɓata rai da gaske. Ya ce hotunan an kwafo su ne daga shafin gaskiya, shi ya sa suka dushe, wanda yake da na asali ba zai yi haka ba.

“Shef, a zarge ni da sata, na ji. Amma dubi wannan kalar rubutun. Ja a kan kore. Ni?”

Mairamu ta bincika na'urarsa da wayoyinsa, ba ta samu komai ba. Shi ma an toshe shi. Ta fito tana tunanin cewa girman kai ba shaida ba ne, amma wani lokaci yakan yi kusa.

Ramatu ita ce ta kawo sunan Nana Aïcha, mai rumfar man kaɗe a kasuwar Arzèkè, wadda suka yi shekaru suna gaisawa da haƙora. Suka je tare. Nana Aïcha ta ce ta sha ganin shafin, ta ɗauka Ramatu ce ta buɗe reshe na biyu, har ta kwana biyu abinci bai yi mata daɗi ba. Ta ce ita ba ta iya rubutu a waya ba, da murya take ciniki, 'yarta ce ke sa mata hotuna. In kuwa ana neman mutumin banza a Facebook, a nemi wani Usuman.

Mairamu ta tambaya wane Usuman.

“Wani mai hoton tirela, Madam. Duk abin da na sa, shi ne farkon kallo. Bai taɓa sayen ko cikin cokali ba, sai tambayar farashi. Na ce wa 'yata ko dai sona yake, kunya ta hana shi magana.”

Matan rumfunan kusa suka yi dariya. Ramatu ba ta yi ba, ta duƙa tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Mairamu ta lura, ta jira har suka fita daga kasuwar.

“Madam Ramatu, ya lafiyar Usuman?”

Ramatu ta roƙe ta kada Muntari ya ji. Ita ce Usuman. Da wannan sunan take zagaya shafukan masu man kaɗe, ta ga farashinsu da irin tallarsu, ba tare da sun san ta leƙo ba. Usuman bai taɓa yin abota da ita ba, bai taɓa rubuta ko kalma a shafinta ba. Kowane mako takan rubuta “man kaɗe Parakou” da sunansa ta ga wa ya shigo sana'ar.

“To me ya hana Usuman ganin shagon da ke ɗauke da fuskarki?”

Suka tsaya a inuwar wata rumfa, Ramatu ta shiga da sunan Usuman ta nema. Babu. An toshe direban tirelar da bai taɓa wanzuwa ba.

Mairamu ta tambayi wa ya san da shi. Ramatu ta ce ba kowa. Da aka matsa, ta ce sai Zakiyya, amma Zakiyya ba ta cikin wannan magana. 'Yar ƙanwar mahaifiyarta ce, a ɗaki ɗaya suka tashi, tana aure a Djougou, ita ke haɗa man ta aiko. Ita ta buɗe mata shagon tun farko, ita ta ƙirƙiro Usuman, ita ta zaɓa masa tirelar suna dariya. Tun da abin ya faru kullum sai ta kira tana kuka tana tsine wa ɓarawon. Mairamu ta rubuta sunan. A aikinta ta ga masu kuka iri-iri.

Kamfanin waya ya amsa takardar komisariya: layin da ake tura wa kuɗi da sunan wani Soumaïla yake, a wani ƙauye gefen Djougou. Ramatu ta ji daɗi, ta ce ga ɓarawo nan, kuma Zakiyya za ta sauke su. Suka ɗauki motar safe.

Soumaïla tsoho ne da ido ɗaya ya mutu, wayarsa irin mai tocila ce. Da yaren Dendi ya yi bayani, wani ɗan sandan Djougou yana fassarawa. Bai san Facebook ba, ya tambaya ko sunan magani ne. Katin shaidarsa kuwa, wanda aka yi rajistar layin da shi, wata 'yar birni mai sayen ƙwarar kaɗe wajen matansa ta taɓa karɓa, ta ce za ta sa shi cikin masu samun tallafi. Sunanta bai riƙe ba, masu sayen ƙwara suna da yawa. Ya tambaya ko tallafin ne ya iso.

Zakiyya ta yanka musu kaza. Ta rungume Ramatu a ƙofa, ta ce Yaya kin rame, Allah ya tona asirin wanda ya yi miki haka. A can gefen tsakar gida mata suna murza mai, ƙwarya a tsakanin ƙafafu. Bayan an ci, Mairamu ta yi ƙorafin cewa wayarta ta mutu, tana son ta kwafi wani abu daga shafin jabun, ko Zakiyya za ta taimaka ta nemo mata a tata.

Zakiyya mai son taimako ce. Ta taɓa wayar sau biyu, ta miƙa. “Ga shi nan, Madam. Dubi rashin imani.”

Mairamu ta karɓa, ta ajiye wayar a tabarma tsakaninsu, inda Ramatu za ta gani.

“Mijinta ba ya ganin shafin nan. Ƙannenta ba sa gani, maƙwabciyarta ba ta gani. Ke da kuka tashi ɗaki ɗaya kina gani. Me ya sa ɓarawon ya manta da ke?”

Zakiyya ta ce wataƙila bai san ta ba.

“Ya san Usuman mai tirela, bai san ki ba?”

Masu murza mai suka tsayar da aiki.

Mairamu ta yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Dangi da maƙwabta kowa zai iya tsinto su daga shafin Ramatu, Ashafa zai iya, 'yar Nana Aïcha ma za ta iya. Usuman ne ba ya cikin shafin. Wanda ya toshe shi ya san cewa idon Ramatu ne, ya san kuma da shi take neman masu man kaɗe kowane mako. Mutum biyu suka san haka, ɗaya ita ce aka cuta. Saura kuma, mai rufe ƙofofi yakan bi gida gida, amma ba ya tuna ya rufe wa kansa, don yana son ya riƙa leƙa shagonsa ya ga yadda masu saye ke ganinsa. Ta ce za a kawo Baba Soumaïla ya dubi fuska da idonsa mai kyau, kuma ɗan sandan da ke waje zai duba ɗaki.

Ba a kai ga tsohon ba. Waya ta biyu tana cikin kwallar kayan aure, a naɗe cikin ɗankwali, da layin Soumaïla a ciki da saƙon wata mata daga Natitingou tana tambayar ina kayanta.

Zakiyya ba ta yi kuka ba, wataƙila ta ƙarar da shi a waya. Ta shimfiɗa hannayenta a gaban Ramatu, duk sun yi kanta saboda murza mai.

“Bidiyon nan da ya kawo miki Cotonou, hannun wa ne a ciki, Yaya? Aka yanke ni daga wuyan hannu, aka liƙa fuskarki. Har kika rubuta wai sirrin kakarki. Ni ba kakata ba ce?”

“Da kin faɗa mini.”

“Na faɗa. Kika ce masu saye sun fi son fuska ɗaya.”

Ramatu ta dubi hannayen. Mairamu ta ce wannan magana ce ta gida, kuma da a gida aka yi ta da ba ruwan hukuma, amma Zali ta Tourou ba ta yanke hannun kowa ba. Aka tafi da Zakiyya komisariyar Djougou, kazarta ko rabi ba a ci ba.

A motar komawa Parakou, Mairamu ta gaya wa Ramatu cewa komishe zai ba ta takardar wanke suna, sai ta sa a shafinta. Wasu za su karanta, ko da yake ba za su kai waɗanda suka karanta na Zali ba. Ramatu ta gyaɗa kai. Ba ta tambayi wa zai murza mata mai daga yanzu ba, Mairamu ma ba ta tayar da zancen ba.

Sun yi nisa sosai Ramatu tana riƙe da waya, hoton Zakiyya a buɗe, ranar wani suna, su biyu cikin anko ɗaya. Ta taɓa nan, ta taɓa can, ta koma baya. Can ta miƙa wa birgadiye wayar, ba ta dube ta ba.

“Madam, ya ake toshe mutum? Ita ke yi mini irin waɗannan.”