Ƙarfen Bakin Rijiya

Magariba ce irin ta kullum a tsibirin Masira. Jiragen masunta sun dawo, iska ta lafa, Zuwaina tana sauke shinkafa da busasshen kifi, 'yarta Moza na kwashe shanya. Sai suka ji ƙwal a kan rufi. Suka dubi juna. Can sai wani dutsen ya faɗo tsakar gida, jiƙe sharkaf, alhali an daɗe ba a ga ruwan sama ba.

Mijin Zuwaina, Halfan, tsohon masunci ne. Teku ta tafi da ɗansa Suwaid shekarun baya, ba a tsinci ko takalminsa ba, shi kuma ya daina fita ruwa. Abokinsa Hamud ne ya ja shi ƙungiyar masu rediyon hira, wasu dattawa da ke haɗuwa kusa da tashar jiragen ruwa suna zance da mutanen ƙasashe masu nisa.

"Kai da ko wayar hannu sai Moza ta danna maka!" in ji Hamud yana dariya. "Zo dai, ka huta da kallon bango."

Ya je, ya koya, aka ba shi izini. Ya sayi akwatin rediyonsa, ya kafa dogon ƙarfen eriya a bayan gida, a bakin wata rijiya da aka binne tun zamanin kakanni. Kullum da yamma yana zaune yana tambayar iska ko akwai mai jin sa.

Jifan bai tsaya ba. Halfan ya ce yaran unguwa ne. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, tun ranar dutsen farko wata murya ke amsa masa daga cikin akwatin, a hankali, kamar daga ƙarƙashin ruwa: "Baba." Ya daina zuwa ƙungiya. Ya riƙa rufe ƙofa.

Wata yamma Moza ta tura ƙofar don ta kira shi cin abinci. Ta ji muryar yayanta. Ta yanke jiki ta faɗi. Da ta tashi ba ta san kowa ba. Ba ci, ba magana, rana na faɗuwa sai ta je bakin rijiyar ta tsaya.

Aka ɗauko Mu'allim Ubaid daga kudancin tsibirin. Ya sa aka yi turaren lubban, ya zauna ya yi ta karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Sai bakinta ya buɗe da muryar ƙato.

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Mai gidan da aka soka wa ƙarfe a ka."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ruwana da ita. Ubanta ne ya kira. Kullum yana tambaya ko akwai mai jin sa. To, na ji."

Halfan ya matso. "Suwaid fa? Yana ina?"

"Ban sani ba, tsoho. Muryarsa a gidan nan na tsince ta." Aka yi wata dariya mara daɗi. "A cire ƙarfen, in fita, amma muryar za ta bi ni. Ko kuwa a bar mini yarinyar daga magariba zuwa isha, ni ma in bar masa muryar ɗansa."

Malamin ya juya. "Gidanka ne, Halfan. Ba shi amsa."

Halfan ya kau da kai. Ya dubi ɗakin da akwatin yake. Hayaƙin lubban ya yi ta tashi, gawayin ya fara mutuwa, bai ce komai ba.

"Baban Suwaid!" Zuwaina ta daka masa tsawa. "'Yarka ce fa a kwance!"

"A cire," ya ce, da ƙyar.

Maƙwabta suka tumɓuke ƙarfen. Moza ta yi atishawa ta farka, ta nemi ruwa. Jifa ya ɗauke daga ranar.

Da ta ji sauƙi, uban ya zo ƙofar ɗakinta ya tarar tana haɗa kaya; za ta bi jirgin safe zuwa wurin gwaggonta a tsallaken ruwa.

"Moza, ai kin warke. Ina kuma za ki?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ninke mayafinta.

"Bakina aljanin ya kama, Baba," ta ce. "Bai kama kunnena ba."