Sadakar Waɗanda Ba a Gani

An yi ruwa da la'asar ya ɗauke, Jiga Makera ta yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar indararo. Malam Sirajo ya dawo daga duba rudun da yake adana albasarsa, ya shimfiɗa buzu yana jiran kiran magariba. 'Yarsa Wasila tana hura wuta a madafa. Su biyu ke nan suka rage a gidan, sai kuma wata siririyar ƙara da ke fitowa daga ɗakin ɗansa marigayi Taufiƙ.

Ƙarar fankar kwamfutarsa ce. Taufiƙ ya yi karatu a Aliero, sikila ta ɗauke shi kafin ya gama. Tun yana raye ya haɗa ta da sola, ya bar ta tana aiki ko ba ya kusa. Ya taɓa yi wa mahaifinsa bayani: masu binciken magani a ƙasashe masu nisa suna da lissafin da ya fi ƙarfin na'ura ɗaya, sai su gutsuttsura shi, duk mai kwamfutar da ke zaune banza ya karɓi nasa yanki ta intanet, ta yi ta mayar. Aikin gayya dai, sai dai ba ka ganin wanda ke kunyar da ke kusa da taka. Bayan rasuwarsa Wasila ta ci gaba da goge solar da sa data. Shi kuwa Sirajo, gaskiya ba binciken ne ya dame shi ba. Idan ya ji ƙarar nan, ji yake kamar yaron yana ciki yana numfashi.

Ladan bai rufe baki daga kiran magariba ba tsakuwa ta faɗo kan kwano. Sai wata. Sirajo ya leƙa bayan katanga, babu kowa, ko sawu babu a kan laka.

Washegari da magariba aka sake. Daga nan duwatsun suka fara girma, kuma duk kan ɗakin Taufiƙ suke sauka. Wata rana suka ji sallama a bakin ƙofar ɗakin, muryar mace, a hankali, irin ta wadda ta gaji da tsayuwa. Sirajo ya amsa, ba wanda ya shigo. A bayan sallamar akwai nishin yaro, kuma nishin nan ya san shi sarai, shekaru ya yi yana kwana da irinsa.

Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Masu aiko yara ɗibar wuta suka daina. Wanda ya ga dama ya tsaya daga nesa ya ce, "Sirajo, hwasa abin ga ka huta. Shi na ka jawo su." Mutane ke nan, ba su san abin ba amma sun san maganinsa.

Ranar da Wasila ta faɗi, tana ɗauke da tulu ne a tsakar gida. Ta sandare, idanunta suka juye, ta rarrafa zuwa ƙofar ɗakin ta zauna ta miƙa tafin hannu. Ba ta ci, ba ta magana. Sirajo ya dube ta, ya ga ɗaya ya tafi, ga ɗayar tana bin hanya. Ya shiga ɗakin, ya zare wayar, ya danne maɓalli har ƙarar ta mutu. Shirun da ya biyo baya ya fi ranar jana'iza nauyi.

Sai Wasila ta kurma ihu da muryar da ba tata ba. "Sanyi! Kun kashe ma ɗana wuta! Sanyi!"

Ya mayar da wayar da sauri ya kunna, ta lafa. Da gari ya waye ya hau kabu-kabu zuwa Gumbin Kure, wajen Malam Abdulwahab, dattijon da aka sani da ruƙiyya.

Malam bai zo da bulala ba. Ya zauna gaban Wasila bayan la'asar, ya sa turare, ya yi ta karatu da murya ƙasa-ƙasa har rana ta yi ja. Can jikinta ya ɗauki rawa.

"Ke wa ta?" in ji Malam.

"Baƙuwa." Muryar ta tsufa, ta dushe. "Daga bakin gulbin Jega nit taho, goye da ɗana."

"Mi kika nema ga ɗiyar mutane?"

"Rabona. An kira mu, munka zo. Na yi jihwa don a san ina nan, shiru. Na yi jihwa don a san ina nan, shiru. Haka a ka yi ma wanda anka kira sadaka?"

"Wa yak kira ki?"

Hannun Wasila ya tashi a hankali ya nuna mahaifinta.

Sirajo ya buɗe baki zai rantse, sai maganar ta dawo masa. Ranar sadakar arba'in ne, da magariba, a bakin wannan ƙofar. Wani ya tambaye shi me ya sa ba a kashe na'urar mamaci ba, shi kuma ya ɗaga murya don kowa ya ji: sadaka ce ta neman magani, ta masu ciwo waɗanda ba mu gani, duk mai rabo ya samu. Turawa da baƙaƙen da ke nesa yake nufi. Ya manta akwai waɗanda tun kaka da kakanni da wannan sunan ake kiransu.

"Ni na hwaɗi," ya ce, kansa a ƙasa.

"To ba ni maganin in tahi."

Malam ya dubi Sirajo, don wannan ba tambayar malami ba ce.

"Baiwar Allah, babu shi," in ji Sirajo. "Nema a kai. Ba a samu ba tukuna."

"Yaushe za a samu?"

"Ban sani ba. Wanda yak kunna ta ma bai gani ba. Ga kabarinai can bayan gari."

Hawaye suka gangaro a fuskar Wasila, kuma ba wanda zai iya cewa na wace ce a cikinsu.

"Ashe kai ma jira kakai," muryar ta ce.

Malam ya gyara zama. "Kin ji gaskiya. Yarinyar ga ba ta ci miki komi ba. Ki ji tsoron Allah ki hita."

"Ina hita. Amma iskan da ka hitowa gehen abin ga da ɗumi shike. Nan kaɗai yaron ka samun barci. A bar muna wurin, kar a kashe."

"Ba ki ƙara taɓa kowa? Ba jihwa?"

"Na yi alkawali."

"Ba a kashewa," Sirajo ya ce, tun kafin Malam ya juyo gare shi.

Wasila ta yi atishawa ta zube. Da ta farfaɗo ruwa ta fara nema, da muryarta ta kullum.

Duwatsu suka tsaya. Sirajo ya shimfiɗa ƙaramar tabarma a gefen da iskar ɗumi ke fita, ya ajiye tsohon bargon Taufiƙ a kai. In hadari ya rufe rana, Wasila kan haƙura da fitila don batir ya kai. Maƙwabta ba su dawo sosai ba. Kullum bayan magariba yakan zauna a bakin ƙofar da carbi, yana jin fanka, ƙarƙashinta kuma ɗan nishin nan, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci da sauƙi. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma ya daina jin gidan ya yi masa faɗi.

Wata magariba, wajen ƙarshen damina, ya zauna ya kasa kunne. Fanka kaɗai. Ya leƙa, ya tarar da bargon a naɗe tsaf, an ɗora 'yar tsakuwa guda a kansa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire hularsa, ya fuskanci tabarmar da babu kowa, ya yi gaisuwar da shi ma aka yi masa.

"Sannu da haƙuri. Allah shi ba ki dangana."

Wasila ta zo bayansa ta tsaya. "Baba, tunda sun tahi, in kashe?"

"Bar ta," ya ce. "Akwai masu tahowa."