Na Yaya ko Nawa?

"An riga an yi wa idon nan aiki," in ji matar da ke teburin inshorar lafiya a asibiti, tana juyo musu kwamfuta. "Na hagu, watan jiya. Sau ɗaya muke biya wa kowane ido."

Rediyo ya dubi babansa. Tun yana ƙarami ake kiransa Rediyo saboda bakinsa ba ya hutawa. Idon Baba na dama ya daɗe da mutuwa, na hagu kuma yanar ido ta rufe shi, har zare ya daina shiga masa allura a kamfanin ɗinkin da yake aiki. Likita ya ce a gaggauta.

"Anti, kalle shi da kyau. In an yi wa wannan aiki, to ni ma an yi mini ɗinkin baki."

"Lambarsa ce, katinsa ne. Ka shigar da koke, a buɗe fayil, a tura babban ofis, su kuma..."

"Kafin nan ya fara gaida bango!"

Ya ajiye Baba a benci, ya bazama binciken wanda ya yi musu wannan aika-aika. Matar inshora dai ba ita ba ce: lokacin tana hutun haihuwa, ga hoton jaririn a wayarta. Likitan ma ya fita daga zargi, don da Rediyo ya tambaye shi ko aikin bogi aka rubuta a ci kuɗi, sai ya kai shi ɗakin kaya, ya nuna masa kwalin ɗan gilashin da ya saka a cikin idon da hannunsa. Ashe da gaske an yi wa wani aiki. Wa ke nan?

Saura nas ɗin ɗakin tiyata.

"Ranki ya daɗe, mai allurar da ba ta zafi, kin tuna mutumin?"

"Daina zuba mini zaƙi. Kamar babanka sak, sai dai ya fi shi tumbi. Ya ma ba ni dariya. Ka san kafin mu fara sai mun tambayi mutum sunansa. Sai ya ce, 'Na Yaya ko nawa?' Daga baya ya ce wasa yake."

Rediyo ya daka tsalle har sai da tiren magani ya girgiza. Mutum ɗaya ne a duniya ke ce wa Baba Yaya.

Suka isa gida da la'asar, suka tarar da Kawu, ƙanen Baba, a tsakar gida yana shan shayi.

"Kawu, ka ji abin kunya? Wani ɓarawo ya saci katin Baba ya gyara idonsa. Nas ta ce ƙaton banza ne, tun kafin a taɓa shi yake ihu yana kiran uwarsa. Wai har fitsari ya..."

"Ƙarya take! Ko uffan ban ce ba!"

Kofin ya tsaya a iska. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Yawwa!" Rediyo ya tafa. "Katin a aljihun rigar Baba yake kwana, sai ɗan gida. Hoton ya koɗe, sai mai kama da shi. Ga tumbi kuma, Allah ya ƙara albarka."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Yaya, na ɗauka kamar katin waya ne, in ya ƙare a sake lodawa."

"Gobe za ka je ka faɗa musu da bakinka," Baba ya ce. "Su mayar da aikin kanka, su buɗe mini nawa."

"In suka kira 'yan sanda fa?"

"Sai ka gan su tun daga nesa." Baba ya miƙe, ya lalubo kafaɗarsa ya riƙe gam. "Tashi ka kai ni ɗaki. Har ranar da za a yi mini, duk inda za ni kai ne ɗan jagora. Ai da idona kake gani."