Leɓen Jidda

"Buɗe bakin nan su gani!" Hajjo ta daka mata tsawa a tsakiyar matan gidan suna, ta fizge gyalen da Jidda ta rufe fuska da shi. Jidda marainiya ce, Hajjo kuwa ƙanwar mahaifinta ce da ta riƙe ta a Gwandu. Da tsagaggen leɓe aka haifi Jidda. Shekara goma sha tara tana cin tuwo a bayan ƙofa don kada a kalli bakinta, sai bana likitoci suka ɗinke mata shi kyauta a Sakkwato.

"Ku duba min! Ta raina halittar Ubangiji, ta je an yanka an gyara, irin na matan bariki!"

Mata suka hau salati da zunɗe. Jidda ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige... "Gwaggo, mi na yi miki?" ta faɗa, hawaye na sauka kan tabon.

Hajjo ba ta tsaya nan ba. Ta kwashi maganar har Kalgo, gidan su Sirajuddeen, saurayin da ya nemi Jidda tun leɓen yana tsage. Mahaifiyarsa ta ce a dakatar da baiko. Wayyo Jidda! Ta daina fita ko ɗibar ruwa, ta kife madubi, kullum tana kan sallaya: "Ya Allah, in laifi na yi, ka yafe mini..."

Bayan sati uku, Malam Bawa, mahaifin Sirajuddeen, ya zo da kansa. "Ɗiyata, ɗaga kanki. Neman magani ba saɓo ba ne. Aure na nan. Ina Hajjon take?"

Aka kira, aka sake kira. Da ƙyar ta fito tana rakuɓe-rakuɓe, sai ga kumatunta sun saɓule, jajir kamar an watsa mata tafasasshen ruwa! Ashe man bilicin take haɗawa a ɓoye, ya ƙone ta. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka.

Washegari Hajjo ta durƙusa gaban Jidda tana kuka. "Ki yafe mini... likitan nan naki, zai duba ni?"

Jidda ta share mata hawaye a hankali, don kada ta fama ciwon.

"Tashi, Gwaggo, kafin motar Sakkwato ta cika."