Suna a Jikin Tsamiya

Magariba ta kawo jiki lokacin da Ciyaman ya shigo gida, takalmansa duk taɓo, guduma a aljihu tana rinjayar rigarsa gefe ɗaya. Ciyaman kowa ke ce masa, har matarsa, tun ranar da aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar da ke kula da lambun shaƙatawa na tsakiyar gari. Ba albashi ake ba shi ba, kuma ba wanda ya roƙe shi. Shi ne dai ya tarar wurin ya zama juji, ya tara 'yan fansho irinsa da matan unguwa da 'yan kasuwa masu ɗan hali, suka kwashe shara, suka dasa itatuwa, suka yi ta sintiri a ofisoshi har aka janye maganar yanka filin a yi shaguna. Matarsa kan ce lambun ne ɗansa na fari, sauran 'ya'yan duk ƙanne ne. Ba ya musu, dariya kawai yake yi.

Ranar bakinsa ya ƙi rufuwa. Ƙungiya ta ɓullo da dabarar samun masu tallafi: duk wanda ya ɗauki nauyin bishiya, za a rubuta sunansa a ɗan allon ƙarfe a kafa a jikinta. Mutane kuwa, in dai za a ga sunansu, hannunsu ba ya nauyi. Kowace bishiya ta samu mai ita, ban da wata tsohuwar tsamiya can a ƙuryar lambun, wadda ta girmi lambun, ta girmi titin da ya kewaye shi. Ba mai son a kai sunansa inda ba a wucewa. Shi kuma Ciyaman ba ya iya ganin aiki da saura ya yi barci. Sai ya ɗauki nauyinta da kansa, ya sa aka rubuta sunan 'yarsa Auta, ya buga allon da hannunsa kafin ya rufe ƙofar lambu.

Auta tana tsakar gida tana kwashe kayan makarantarta daga igiyar shanya lokacin da ya yi mata albishir.

"Kai, Baba," ta ce tana dariya. "Wasu ana saya musu waya, ni tsamiya aka saya mini."

"Waya tana lalacewa. Wannan kuwa har jikokinki za su sha inuwarta."

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya sauka kusa da ƙafar yarinyar. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Matar ta fito daga kicin tana faɗan 'ya'yan maƙwabta marasa kwaɓa. Ciyaman ya leƙa waje, lungu shiru, ko kaza babu. Da ya dawo ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, ya duba. Farar tsakuwa ce, irin wadda ƙungiya ta shimfiɗa a hanyoyin lambu, kuma duk unguwar ba inda ake da irinta. Ya yi sauri ya ɓoye ta a aljihu.

Bayan an idar da salla sai aka fara jin bugu. Ba daga ƙofa ba, ba daga maƙwabta ba, daga cikin bangon ɗakin Auta yake fitowa, sannu sannu, kamar mutum na kafa ƙusa ba ya gaggawa. Auta ta dafe kafaɗarta ta hagu ta durƙusa.

"Mama, wani abu na shiga nan," ta ce. "Ki ce su daina."

Tun daga ranar gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Da safe lafiya lau, sai dai yarinyar ta rage magana, ta rage ci. Rana na yin ja tsakuwa za ta fara sauka, bugun ya biyo baya. Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoton kafaɗar, aka gwada jini, likita ya ce bai ga komai ba, ya ba da maganin ciwon jiki. Daga baya ta daina kuka ma, kuma wannan ya fi kukan tayar da hankali. Sai ta tafi ƙuryar tsakar gida ta tsaya, ƙafafu a haɗe, hannuwa a ɗan buɗe, idanu a kafe, ko sauro ya sauka a fuskarta ba ta korewa. Uban da yayanta suka taɓa haɗa ƙarfi su ɗaga ta, suka kasa ko motsa ta. Uwar takan zauna a ƙasa kusa da ita tana shafa mata ƙafa tana kiran sunanta, har murya ta dushe.

'Yan ƙungiya suka zo dubiya, Sakatariya a gaba, Ma'aji na biye da ledar lemo. Mutanen kirki ne, ba a raba su da wannan. Sun san yadda ake tsayawa gaban babban jami'i a faɗa masa gaskiya, sun san yadda ake lallashin attajiri har ya ba da buhun taki. Amma da suka ga yarinyar a tsaye a ƙurya, duk dabara ta ƙare musu. Ma'aji ya yi gyaran murya ya ce ko za a kafa ɗan ƙaramin kwamiti ya duba lamarin, don shi a duniya bai san wata matsala da ba a kafa wa kwamiti ba. Tsakuwa ta faɗo cikin kofin shayin da ke hannunsa. Ya ajiye kofin a hankali, ya tuna ana jiransa a gida.

Sakatariya ce ta tsaya a zaure ta riƙe hannun matar Ciyaman. "Yaya, wannan ba na asibiti ba ne, kuma ba namu ba ne. Akwai wani malami a bayan tashar mota, shi ya yi wa ɗan ƙanwata magani. Ku kira shi."

Malamin ya zo bayan la'asar, dattijo siriri mai ƙaramar murya, ba jaka ba tarkace. Ya nemi tabarma da ruwa a kwano, ya zauna yana fuskantar ƙuryar, ya jira. Inuwa ta cinye tsakar gida kaɗan kaɗan. Tsuntsayen da ke kwana a bishiyar maƙwabta suka yi tsit. Auta ta fito daga ɗaki ba ta dubi kowa ba, ta tafi wurinta ta tsaya. Nan ya fara karatu, a hankali, yana tofawa a ruwan yana yayyafa mata.

An daɗe kafin bakinta ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf, busasshiya, mai gajiya.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ba."

Uwar ta toshe baki da mayafi. Malam bai ɗaga murya ba.

"Wace ce ke, kuma me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Tambayi mai guduma."

Ciyaman ya zauna a bakin rijiya.

"Duk garin nan gidajenmu ne a da," muryar ta ci gaba. "Aka sare wannan, na koma waccan. Aka sare waccan, na koma wata. Tsamiyar nan ce ta rage mini. Da mutumin nan ya hana a yi shaguna, na ji daɗi, na sa masa albarka irin tamu. Ko reshe ban taɓa bari ya faɗo wa ɗan kowa ba. Sai ga shi da ƙusa, ya rubuta a ƙofata cewa gidan na 'yarsa ne. To, na ji. Ya ba ta nawa, na zo nata."

"Wallahi ban sani ba," in ji Ciyaman. "Tallafi muke nema, baiwar Allah. Ado ne kawai. Gobe da asuba zan cire shi."

"Ka cire allo, ka cire ramin?" Kan yarinyar ya juyo gare shi, idanun ba nata ba. "Na zauna ina kallon yadda kuke aiki. Yau suna, gobe benci, jibi fitila mai hana dare zama dare. Sauran 'yan ƙungiyarku ba su dame ni ba, su zama suke yi su yi ta magana har rana ta faɗi. Kai ne ba ka gajiya. Muddin ƙafarka na shiga lambun nan, ba ni da wurin kwana."

Malam ya ce, "Zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Zan fita. Amma ya yi alkawari: shi da lambun nan har abada. Ko taku ɗaya. Ranar da ya shiga, na san hanyar gidan nan."

Malam ya dakata da tofi, ya juyo wurin Ciyaman, ya yi magana ƙasa ƙasa. Ya ce shi ba ya ɗaukar wa aljani alkawari, kuma ba zai ce wa kowa ya ɗauka ba. Zai iya ci gaba da karatu har ta fita dole, da izinin Allah. Sai dai tsohuwa ce mai taurin kai, ba ta da inda za ta, irinsu kuma sukan yi ɓarna a hanyar fita. Ya taɓa ganin wanda aka fitar masa da irinta ta ƙarfi, hannunsa bai sake ɗaguwa ba. Ya ce, "'Yarka ce. Ni karatu ne nawa."

Ciyaman ya dubi matarsa. Kallonsa take yi hawaye na zuba. Ya dubi kafaɗar Auta, wadda ta fara karkacewa kamar an rataya mata kaya. Mutumin da ya tsaya gaban manya bai taɓa ja da baya ba, yau ya sunkuyar da kai. Ya san abin da zai bayar, kuma ya san ba shi da zaɓi.

"Na yi alkawari," ya ce. "Ki sakar mini yarinya."

"Allah na ji, malam na ji," in ji muryar.

Jikin Auta ya yi wata irin girgiza tun daga kafaɗa har zuwa babban yatsan ƙafa, ta yi atishawa, ta sulale. Uwar ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Can ta buɗe ido, ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta ce da muryarta ta kullum, "Mama, yunwa nake ji." Uwar ta fashe da kuka ta ruga kicin. Daren nan ba abin da ya taɓa kwanon rufi.

Sakatariya ce ta je ta ɓamɓare allon washegari, tana yi tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ciyaman ya aika wa ƙungiya cewa ciwon gwiwa ya matsa masa, a nemi wani. Kowa ya san ba gwiwa ba ce, kowa ya ce Allah ya ba da lafiya. Ma'aji ya hau kujerar. Taro ya ƙara tsawo, ciyawa ma ta ƙara tsawo, aka kafa kwamitin yankan ciyawa. Ba da daɗewa ba aka fara jin ƙishin-ƙishin cewa masu maganar shaguna sun dawo da sabon zane. Sakatariya takan zo gida neman shawara, ya ba ta, ta tafi da ita taro, a saka ta cikin abubuwan da za a duba a zama na gaba.

Auta ta warke sarai, ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Ba ta tuna komai, kuma an haɗa baki ba a faɗa mata ba.

Wata rana da yamma suna dawowa daga ɗinki ita da uban, hanya ta bi da su ta gefen lambun. Ya so ya kawar da kai, ido ya ƙi. Ta tsakanin ƙarafan shinge ya hango famfon ban ruwa an bar shi a buɗe, ruwa na kwarara ya cika kwamin sabon dashe, ƙananan itatuwan sun kwanta a cikin taɓo. Ƙofa a buɗe take, famfon bai fi nisan jifa ba. Ya ƙwala kiran mai gadi, ya sake ƙwalawa, ya kira sunan duk wanda ya sani. Ba kowa, an tafi salla.

"Baba, dashen nan zai mutu fa," in ji Auta. "Tunda gwiwarka ba ta so, bari in ruga in rufe."

Ya cafke wuyan hannunta da ƙarfin da ya sa ta ce wash. Rana ta riga ta yi ja a bayan tsamiya.

"Bar shi ya zuba," ya ce. "Mu je gida."