Kwalekwalen Baba Aruna

"Katinka ne ya buɗe ƙofar nan da ƙarfe biyar da rabi na asuba," in ji Sufeto Abdul-Jalil. "Ko katin ƙafa gare shi?"

"Yallaɓai, ya ɓace mini tun jiya."

"Ka kai rahoto?"

Hananiya, makanikin injinan sanyi na gonar kifin, ya sunkuyar da kai yana kallon ankwar da ke hannunsa.

A waje ranar garin Al Wukair, a ƙasar Larabawa, tana gasa rairayi. A nan ciki kuwa, ƙarƙashin katafariyar rumfar gilashi, numfashin mutum hayaƙi yake fitarwa. Wani attajiri ne ya haƙa tafkin ruwan daɗi a tsakiyar hamada, ya sa injina suna sanyaya shi, ya zuba kifayen ƙasashen ƙanƙara: faik mai haƙora kamar tsage, da wolai mai ido kamar fasasshen madubi. Gobe za a buɗe kamun bana ga baƙinsa. Yau da ƙarfe sha ɗaya aka gano gawar manajan wurin, Sharafaddeen, a ƙasan tafkin.

Sufeton jikan Takari ne. Kakanninsa sun baro ƙasar Hausa a ƙafa don aikin hajji, suka yada zango a Sudan, ya gaji Hausa a bakin kakarsa. Shi ya sa aka turo shi, don ma'aikatan wurin Hausa suke ji.

"An ce shekaranjiya ka ce sai ka ga bayan manaja," in ji Sufeto.

"Faɗan aiki ne, Yallaɓai. Wa bai taɓa faɗin haka ba?"

"Wanda aka gaya wa ya mutu. Idan na rubuta wannan, kisan kai ne a wuyanka."

Hawaye suka zubo wa Hananiya. "Saura wata biyu aurena. Katin bai ɓace ba. Ran Juma'a, kamar jiya, nakan bar wa Baba Aruna shi, in tafi Al Aziziya in ɗauko Jael, wadda zan aura, idan ta tashi daga aikin asibiti. Doka ta hana ba da kati. Tsoro na ji kada a kore mu duka."

Sufeto ya sami Baba Aruna, masuncin gonar, zaune can nesa da gaɓa, ya juya wa ruwan baya yana jan carbi. Dattijo ne daga Yawuri, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata.

"Sannu da haƙuri, Baba. Yaron can ya ce katinsa yana wurinka."

"Ranka ya daɗe, yaro in ya ga ankwa, har uwarsa zai ambata. Ni sai ƙarfe tara na shigo, mai gadi ya buɗe mini."

"Ka hau ruwa yau?"

"Ban hau ba."

"Ana gobe buɗe kamu? Ba a duba ƙugiya, ba a zagaya tafki?"

"Jikin ne ya ƙi."

Sufeto ya lura bakin wandon dattijon a bushe yake, amma igiyar layar da ke damtsensa ta jiƙa masa hannun riga.

A ɗakin gwaji ya tarar da Khairiyya, ɗaliba mai bincike a kan kifayen. Ita ta fara ganin gawar, ta kyamarar da ke ƙarƙashin ruwa. Ta kunna masa hoton.

Da farko duhu ne kawai. Sai idanu suka fara haskawa, biyu, goma, hamsin, farare fat, sun yi da'ira. Wolai ne, sun tsaya cik, ko wutsiya ba sa kaɗawa. A tsakiyarsu Sharafaddeen na kwance rigingine, idonsa a buɗe, hannunsa ɗaya a miƙe sama kamar mai jiran a ba shi wani abu. A samansa wata ƙatuwar faik tana shawagi a hankali, guntun zare na reto a bakinta.

Tsigar jikin Sufeto ta tashi. Shekara goma sha tara yana ganin gawa, bai taɓa ganin wadda ake gadi ba.

"Wannan babbar fa?"

"Hajiya. Haka Baba Aruna ke kiranta. Shi ya raine ta tun tana kamar yatsa. Cikinta cike yake da ƙwai, bana ta yi jinkirin zubawa." Ta nuna kifin da yatsa. "Sharafaddeen ya ce zai sa a busar da ita a kafa a bangon falon baƙi. Na roƙe shi. Ya yi dariya, irin dariyar nan tasa da ba ka iya yin fushi da ita."

"Malama, ƙarfe nawa kika iso?"

"Bakwai. Kullum nakan ɗauki hoton ma'aunin sanyi a gaɓa."

Ta miƙa masa wayarta. A bayan ma'aunin, kwalekwalen Baba Aruna na kife a kan yashi.

"Haka ake ajiye shi?"

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta dafe baki. "Baba Aruna bai taɓa kife shi ba. Ya taɓa gaya mini, a gidansu ba a kife jirgi sai ranar da ruwa ya ci mutum. Kuma ba a komawa ruwan sai an binne shi."

Sufeto ya koma gaɓa, ya tsuguna kusa da dattijon, ya ajiye wayar a gabansa.

"Baba, an ga gawa da sha ɗaya. Jirginka a kife yake tun bakwai. Wa ya gaya maka ruwa ya ci mutum?"

Carbin ya tsaya.

"Na goge filafili," in ji Baba Aruna a hankali. "Na sauya wando. Na jefa katin a ruwa. Duk na yi. Amma in bar jirgi a buɗe da mutum a ƙasa? Ranka ya daɗe, hannuna ne ya kife shi, bai shawarce ni ba."

"Me ya faru?"

"Bayan sallar asuba manaja ya ce in tuƙa shi. Na ce ba a buɗe ruwa ba, kuma ba a taɓa mai ƙwai. Ya ce nan ba Yawuri ba ce, yalla, mu tafi. Hajiya ta kama ƙugiyarsa, ya jawo ta har gefen jirgi, ta dube ni. Na sa wuƙa na yanke zaren. Ya miƙe zai mare ni, sai na karkata jirgin." Ya ajiye carbin. "Bai iya ruwa ba, na sani. Sau uku ya ɗago hannu, filafili na kan cinyata. Ni da na tsamo mutum tara a kogi, ban miƙa masa ba."

"Kuma da ka bari a ɗaure yaron da ya yarda da kai."

Dattijon ya miƙa hannayensa biyu, 'yan sanda suka tashe shi. Har suka fitar da shi cikin zafin rana bai waiwayi tafkin ba.

Wakilin attajirin ya matso da gudu yana goge gumi, yana maganar baƙin gobe da suka riga suka sauka a otal a West Bay. Sufeto Abdul-Jalil bai ko dube shi ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Khalas, an gama. Ku kwance Hananiya yanzu, ya kira yarinyarsa. Tafkin nan kuma na rufe shi, babu mai jefa ƙugiya har sai alƙali ya yi magana."