Makullin Akwatin Wuta

Ƙa'idar masu gyaran fitilun titin jirgin sama ɗaya ce: wanda zai taɓa waya, shi zai kashe wuta, ya kulle akwatin, ya jefa makullin a aljihu. Amma daren nan da Dogo ya kulle akwatin, amininsa, wanda suke ci a kwano ɗaya, ya ce, "Haba, bar shi a wurina. Ni zan cuce ka?"

Dogo ya durƙusa gaban fitilar da ta mutu, ya kwance murfinta. Sai ƙaurin gashi ya bugi hancinsa. Ga mutum tsugune kusa da shi cikin rigar aiki irin tasa, ko raɓa ba ta taɓa takalmansa ba.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa," in ji mutumin, muryarsa kamar kukan taransifoma. "Ina makullinka?"

"Yana wurin aminina."

Mutumin ya buɗe tafin hannunsa, baƙi ƙirin, a ƙone har ƙashi.

"Ni ma a wurinsa na bar nawa."

Daga can ƙarshen titin, fitilu suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, suna tahowa. Hannun Dogo kuwa yana kan waya.